Tsohuwar Bedford ɗin soja a Dakata: in saya ko in bar wa 'yan gwangwan?

Abba Kurna: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema, amma kafin ku fara min tsiya ku karanta har ƙarshe. Shekaranjiya na raka wani abokina Dakata zai duba injin markaɗe, to can bayan filin ƙarƙashin wata darbejiya sai na hango wata tsohuwar mota ta nutse a ƙasa kusan rabin taya, ciyawa ta fito ta cikin bodinta, awaki sun mayar da ƙarƙashinta ɗakin kwana. Bedford ce irin ta sojojin da, marar hanci ɗin nan da direba ke zama gefen inji, ga tsayi sai ka taka taya kafin ka hau, kuma a rufin kan akwai wata zagayayyiyar ƙofa ta ɓangaren fasinja. Wlh tsayawa na yi kamar an dasa ni, don irinta ce sak a hoton mahaifinmu Allah ya jiƙansa, wanda ya ɗauka a barikin Bukavu yana tsaye ya dafa ƙofa. Mai filin ya ce babansa ne ya saye ta a gwanjo tun zamanin Shagari, ta yi dakon gyaɗa da itace har wajen 2000 sannan aka jingine ta. Ya yi mata kuɗi miliyan 4 da rabi, wai 'yan gwangwan sun taya miliyan 2 za su yanka ta a kilo, in bai samu mai saye ba zuwa bayan sallah zai ba su. Ni dai raina ya biya, so nake in tayar da ita. Me kuka gani?

Nura Kofar Ruwa: Wa alaikumus salam. Abba lafiyarka ƙalau kuwa? Mutane na neman yadda za su rabu da mota saboda tsadar mai kai kana neman gingimarin da ta girmi babanka a aiki 😂 Ni nan kasuwa nake kullum, shekara 14 ina sayar da kayan manyan motoci, rabon da wani ya zo ya tambaye ni kayan Bedford har na manta. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Oga Sale Kwakwaci: Turo hoton gabanta da na ƙarƙashi mu gani. In akwai furofela biyu, ɗaya ta tafi baya ɗaya ta tafi gaba, to mai ogzileri ce. Kuma ka leƙa ka ga inji na fetur ne ko na gas, in ka ga fulogi da distirbiyuta ka san fetur ne.

Abba Kurna: Oga Sale ga su nan na tura. Furofela biyu ce, kuma na ga wayoyin fulogi guda shida duk ɓera ya ci.

Baba Sajan: Salamu alaikum, jikansa ne Khalifa ke rubutawa, Baba na faɗa min. Ya ce a gaya wa yaron nan wannan sunanta RL, Bedford RL, Turawan Ingila suka yi ta, an fara ta a 1953 aka yi ta yinta har wajen 1970. Ya ce inji silinda shida ne a jere, na fetur, lita 4.9, ƙarfin doki 110, giya huɗu gaba ɗaya baya, sannan ga ƙaramin giyabos na biyu da ke raba ƙarfi gaba da baya. Ana ce mata mai tan 3 amma ya ce abin da suka ga ta ɗauka Allah kaɗai ya sani. Ƙofar rufin nan kuma ta mai tsaro ce, nan soja ke miƙewa ya leƙa in ana tafiya a jere. Ya ce shi a NAEME ya yi aiki, wato kanikawan soja, hannunsa ya tsufa a cikin irin wannan injin, kuma da tsohuwar zuma ake magani, kar ka saurari masu dariya.

Nura Kofar Ruwa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, mun tuba. Amma Baba a tambaye shi lita nawa take sha 😅

Baba Sajan: Ya yi dariya ya ce lita ɗaya kilomita 3, in ta ji daɗi 3 da ɗan wani abu. Ya ce lokacin gwamnati ke zubawa ba su taɓa lissafi ba.

Alhaji Ɗanlami mai tifa: To kun ji. Kano zuwa Zariya wajen kilomita 150 ne, kenan lita 50 zuwa kawai, dawowa wata 50, kuma ba ta da gudu, in ka matsa mata ta kai 70 sai ka ji kamar za ta tarwatse. Tun da aka cire tallafi a 2023 ko masu a-kori-kura kuka suke. Ni ina da tifa uku, kowace safiya da lissafin gas nake tashi, don haka in dai don neman kuɗi ne Abba ka cire ranka, ba za ta ciyar da kanta ba balle ta ciyar da kai. In kuma sha'awa ce to wannan daban, mai doki ma ba riba yake ci ba, dusa da harawa yake saye duk shekara don hawan sallah na kwana huɗu ko biyar.

Abba Kurna: Alhaji ka gane ni. Ba haya zan yi da ita ba. Doki ne kawai na ƙarfe.

Lauya Hauwa: Kowa ya tafi kan inji, ni bari in ja ku baya. Malam Abba kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ina takardu? Motar da ta fito daga hannun soja ba kamar Golf ɗin maƙwabci ba ce. Ka nemi takardar gwanjon da rasit ɗin biyan kuɗi da takardar da aka sake ta da ita, ka tabbatar lambar shasi da ke jikin takarda ita ce a jikin ƙarfen, ka karanta da idonka harafi bayan harafi. Sannan tunda mai sayen farko ya rasu motar ta zama gado, shi wannan da ke ciniki da kai shi kaɗai ne magaji? In suna da yawa sai duk sun sa hannu ko su wakilta shi a rubuce, in ba haka ba ranar da ka gama kashe kuɗi ta yi kyau ranar za ka ga 'yan'uwa sun fito. Na biyu launi. Akwai doka tun 1977 da ta hana farar hula hawa motar da aka yi wa fenti da koren soja, har yau tana nan ba a soke ta ba. Ga kuma halin tsaron da ake ciki, ka fito da babbar mota koriya mai tamfol ka nufi shingen bincike, kai ma ka san ba gaisuwa za a tsaya yi ba. Duk wata tsohuwar lamba ko tambarin runduna a jikinta a cire. Na uku, sitiyarin yana wane hannu?

Abba Kurna: Ranki ya daɗe dama yake.

Lauya Hauwa: To ana wata ga wata. Ƙa'idar hanya ta yanzu ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Ko dai a juya shi, ko ta zama ta gona da tsakar gida.

Baba Sajan: Baba ya ce ai dole ya zama dama, don lokacin da aka kawo su a hagun titi ake tuƙi kamar Ingila. Ya ce ranar 2 ga Afrilu 1972 zamanin Gowon aka koma hannun dama, yana tunawa sarai, an yi wata da watanni ana shela a rediyo, ranar kuwa kowa tafiyar hawainiya yake, direban da ya shekara 20 a kan hanya sai ka ga ya zo shataletale ya tsaya yana tunani. Ya ce bayan nan duk mai tsohuwar mota sai da yaron mota a gefe yana leƙa masa kafin ya wuce wata motar.

Oga Sale Kwakwaci: Juya sitiyari ana yi, mun yi wa motoci da yawa, amma a irin wannan ba wasa ba ne don ba sitiyarin kaɗai ba ne, da akwatin sitiyari da sandunansa da fedar birki da kuloci da totur duk sai sun ƙaura, ga inji a tsakiya ya raba kan biyu. Ni dai ga shawarata a matsayina na wanda zai sha baƙin man. Ka saya in shasi na da kyau, mu sauke wannan injin fetur ɗin mu ajiye gefe, mu ɗora mata injin babbar motar nan Marsandi 911. Shi ma silinda shida ne, OM352, lita 5.7, na gas, kayansa ko tsakar dare ka nema a Kofar Ruwa za ka samu, in babu a nan akwai Panteka a Kaduna, kowane yaro a garejin nan ya san shi kamar yunwar cikinsa. Mu yi mata faranti a haɗa da giya, a sake mata wayarin, shi kenan ka samu motar da za ka je Dambatta ka dawo ba ka kira ni a waya ba.

Mubarak Leeds: Haba Oga Sale, in ka yi haka ai ka kashe ta ka bar gawar tana yawo. Kan Bedford, zuciyar Marsandi, sitiyari an juya, fenti an canza, to me ya rage na motar da ke hoton? Nan inda nake akwai dattawan da ba su da aiki sai wannan, duk bazara suna fito da su baje koli a filaye, kuma abin da suke fara dubawa shi ne injin asali ne ko an sauya. Batun kaya kuma ba kamar yadda Nura ke faɗa ba ne. An yi RL sama da 70,000, kuma a kan shasinta aka gina motocin kashe gobarar nan kore da suke kira Green Goddess, waɗanda sojojinsu suka fito da su lokacin yajin aikin 'yan kwana-kwana a 1977 da kuma 2002. Gwamnati ta adana su shekara da shekaru kafin ta sayar, shi ya sa har yanzu gasket da kwantak da robobin birki da kayan kafireta ba sa wuyar samu a nan. Ƙananan kaya ne, ko a jakar hannu zan iya riƙo maka in zan zo.

Nura Kofar Ruwa: Da fam za a saya ko? Ka lissafa mana da naira mu sha kallo.

Mubarak Leeds: Ko da fam ne gasket ɗin bai kai kuɗin injin 911 tokumbo ba, kai ma ka sani tunda kai ke sayarwa 😄

Oga Sale Kwakwaci: Mubarak ku can kuna gyara mota don a kalla, mu nan muna gyara ta don ta tashi. Ranar da kafireta ta toshe masa a kan gadar Kofar Nassarawa da azahar motoci sun yi layi a bayansa ana ta oda, ba dattijon Leeds zai kira ba, ni zai kira.

Baba Sajan: Baba ya ce ku bar gardama, dukkanku kun yi gaba da yawa, ba a san ma ko injin ya mutu ba ake raba gadonsa. Ya ce in ma dole sai an canza to akwai na gidansu, Bedford ta yi injin gas da ake kira 330, lita 5.4, irinsa ke cikin MK wadda ta gaji RL daga 1970, kuma irinsa na cikin manyan Bedford na 'yan kasuwa masu bodin katako da suka cika hanyoyin Arewa, shi zai fi zama da ita ba tare da an yayyanka shasi ba. Amma ya ce a fara da abin da ya fi muhimmanci. Ka je da ƙaramar guduma da tocila da tsohuwar tabarma, ka kwanta a ƙarƙashi ka bi shasin nan daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Inda ya amsa da ƙara mai zaƙi lafiya lau, inda ya yi dum ko ya zubo maka da ɓawon tsatsa a fuska ka sa alli ka zagaye. Ka fi dubawa inda sifirin ke kama shasi, da inda kai ke zaune, da ƙasan ƙafar direba. Ya ce sa'arka ɗaya a Kano ta tsufa, da a Fatakwal ko Legas ta yi wannan zaman da tuni ta zama gari. Sai ka zaro sandar gwada baƙin mai, in ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba madara ruwa ya shiga. Kuma ya ce in gaya maka da babbar murya, KAR KA SA MATA BATIR. Injin da ya shekara 20 a tsaye ringi ya manne da silinda, ka buga kik da ƙarfi ka karya ringi ko ka lanƙwasa wani abu a banza.

Yaya Binta: Abba yanzu Hanif ya nuna min wannan zancen. Kuɗin da ka ce na filin Rijiyar Zaki ne za ka kai wa akwalar mota? Ka gaya wa Hajiya? Ka gaya wa Ummi? Yara uku kake da su kana gidan haya.

Abba Kurna: Yaya dan Allah ki bari mu yi maganar nan a gida, ba kuɗin fili ba ne, na babur ɗin da na sayar ne da adashin da na kwasa.

Yaya Binta: A gida ko a nan duk ɗaya ne tunda kai ka kawo ta kasuwa. Ni ban ce kar ka tuna Baba ba, amma sadaka da addu'a su ne za su same shi, ba fenti ba.

Alhaji Ɗanlami mai tifa: Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ki yi masa uzuri. Abba shawarar da zan ƙara maka, kar ka kalli kuɗin saye, shi ne mafi ƙanƙanta. Taya kawai ka tambaya, 11.00 × 20 ce, guda huɗu da safaya, ga tib ga filaf. Waɗanda ke jikinta ko sun riƙe iska kar ka yarda da su. Ka rubuta iya abin da za ka iya kashewa a wata, ya ƙare ka rufe ta da tamfol sai wani watan. Masu irin wannan aikin da na sani ba rashin kuɗi ke kayar da su ba, kwance komai suke yi a mako ɗaya don zumuɗi, noti a bokiti ƙusa a leda, bayan shekara ba wanda ya san me ke shiga ina, ƙarshenta 'yan gwangwan ɗin da aka guda su ke zuwa su kwashe.

Malam Habu mai faci: Tunda an zo kan taya bari in sa baki. Wilin irin waɗannan mai zobe ne, ba irin na ƙananan motoci ba. Zoben in ya yi tsatsa ko bai zauna daidai ba kana ba da iska zai iya fincikewa. Ina yaro a wajen maigidana na ga wanda ya tashi ya huda kwanon rumfa ya faɗa bayan katanga, Allah ya taƙaita ba kowa a kai, tun ranar ban ƙara ba irinsa iska ba sai na ɗaure shi da sarƙa na juya zoben ya kalli bango, in tsaya nesa da dogon tiyo. Kar ka bar yara masu koyo su taɓa. Kuma kafin a kwance a sace iskar duka tukuna.

Mubarak Leeds: Ƙari a kan na Malam Habu, in an buɗe birki kar a hure ƙurar da iska, takalman birki na wancan zamanin da asbestos ake yin su, yana lalata huhu. A jiƙa da ruwa a goge.

Nura Kofar Ruwa: Ni abin da ke ba ni haushi ma, wai yau mu ne muke neman gasket daga Ingila. Ƙasar da a da ake haɗa Steyr a Bauchi, Fiat a nan Kano kan titin Zariya, Marsandi a Enugu, Leyland a Ibadan, Fijo a Kaduna. Babana a NTM, kamfanin haɗa Fiat ɗin, ya yi aiki, har yau kakinsa na nan a adaka. Da mun riƙe abin nan da yanzu ba a maganar jakar hannun Mubarak.

Oga Sale Kwakwaci: Kar ka tayar mana da wannan Nura, sai mu kwana a nan.

Abba Kurna: Jama'a na dawo da labari, afuwan kwana biyar shiru. Ranar Asabar muka je da Oga Sale da Khalifa, Baba Sajan ma ya ce sai ya je, muka ɗauko shi a adaidaita. Wlh da ya gan ta bai ce komai ba, zagaye ta ya yi da sandarsa sau biyu, sannan ya sa hannu ƙarƙashin kujerar direba ba tare da ya duba ba ya ce nan ake ajiye jak, kuma ga mazauninsa nan. Na kwanta da guduma kamar yadda ya ce, na fito kamar wanda aka tono. Shasi lafiya lau daga gaba har bayan aksul, sai ƙarfen da ya gitta na can ƙarshe ya ruɓe, da ƙasan ƙafar fasinja wanda yatsa ma ke shiga, inda ruwan ƙofar rufin ke ɗiga. Da muka ɗaga murfin inji ɓeraye sun yi gado da tsumma da ɓawon gyaɗa, zanzaro ya gina ɗaki a bakin kafireta, amma baƙin mai baƙi ne wuluk babu alamar ruwa. Lagireto ya tafi, tankin mai kuma da muka buɗe wari kamar tsohon fenti. Inji a kafe yake ko motsi. Abin da ya fi taɓa ni, fentin da ke jikinta shuɗi ne, amma a cikin ƙofar direba inda ya ɓare sai ga koren asali a ƙasa.

Takardu kuma ranki ya daɗe Lauya, mutumin ya shiga gida ya fito da wata tsohuwar jakar fata, ga takardar gwanjo ta yi ja saboda tsufa an buga ta da tafireta, ga rasit, lambar shasi ta yi daidai da ƙaramin farantin da ke jiki, sai da muka goge da fetur da buroshi kafin ta fito. Magada su biyar ne, biyu mata suna aure a Gezawa, mun je har can, duk sun sa hannu gaban mai unguwa. Ciniki kuwa tun daga 4 da rabi ana albarka ana albarka har aka sallama a miliyan 3 da dubu 200, na ba dillali la'adarsa. Janwe ya ce ba zai ja ta ba don birki a kame yake, sai lobed muka ɗauko, aka tona ƙasa aka jawo ta da sarƙa, yaran unguwa kamar ana hawan Daushe. Yanzu tana Kwakwaci.

Lauya Hauwa: Madalla, haka ake yi. Ka yi hoton takardun nan ka adana asalin a inda ruwa da gara ba za su kai ba, kuma a rubuta yarjejeniyar saye da sunanka da shaidu. Fenti dai na faɗa maka.

Abba Kurna: Na ji ranki ya daɗe. Waje zan yi mata ruwan madara, amma cikin ƙofar direban nan ba zan taɓa ba, zan sa a wanke a shafa mata abin da zai hana tsatsa a bar koren yadda yake. Sitiyari kuma na yanke ba zan juya ba yanzu, in ta tashi gonar kawunmu da ke Bichi za a kai ta a kan lobed, can ta yi ta yawonta tsakanin dawa.

Oga Sale Kwakwaci: Mota mai ƙafa huɗu ana goya ta kamar jaririya. Ni dai na faɗa, ƙarshenta 911 za a dawo.

Mubarak Leeds: Abba turo min lambar shasi da ta inji ta akwatin sirri in tambayi wani dattijo a nan, da su ake gane shekarar da aka yi ta da irin kafiretar da ke kai. Kuma kar ku jefar da komai, ko abin da ya lalace, da shi za a gwada sabo.

Yaya Binta: Na gaya wa Hajiya da kaina tunda kai ka kasa. Ta yi shiru, can ta ce wai sitiyarin ne ya sa kafaɗar Babanmu ta dama ta fi ta hagu, kullum ya dawo sai ta gasa masa da ruwan zafi don motar ba ta da fawa, da ƙarfin tuwo ake murɗa ta. Ta ce in an gama a kai ta ta gani. Ni dai har yanzu ban yarda da kashe kuɗin ba, ka sani. Hoton yana wajena, akwai wani ma da ba ka taɓa gani ba, yana zaune a ciki ya leƙo ta taga, lambar motar ta fito rabi.

Abba Kurna: Yaya dan girman Allah ki turo min yanzu.

Yaya Binta: Sai ka zo ka karɓa da ƙafarka, rabonka da gidana tun azumi.

Nura Kofar Ruwa: 😂😂 Yaya ta kama ka. Af, Abba, na shiga lungun 'yan tsofaffin kaya jiya wajen wani dattijo da ba ya ko buɗe shago kullum, na tambaye shi Bedford sai ya kalle ni ya ce wa ya mutu. Ya jawo wani buhu, ga hular distirbiyuta sabuwa a kwalinta, ga kwantak guda biyu, ga sifanu na inci saiti ɗaya babu 9/16 kawai. Don Oga Sale ya sani notinta na inci ne, ya hana yaransa dosa musu 14 suna cinye kai. Ban biya ba, na ce sai an gwada.

Oga Sale Kwakwaci: Wai ni za a koya wa sifana. To ku ji, yau kwana 11 da muka cire fulogi muka zuba gas da man giya na ATF a kowane rami kamar yadda Baba ya ce, kullum da safe in ƙara kaɗan in sa dogon ƙarfe a notin fule in ɗan jijjiga gaba da baya. Jiya shiru. Yau da na taɓa sai na ji ta saki, ta motsa kamar faɗin yatsa biyu, man ya yi tsartuwa ta rami na huɗu ya ɓata min riga. Ban ce ta tashi ba fa, kar Mubarak ya fara murna, bawul na iya kasancewa a kame, sai mun buɗe murfin sama mun gani.

Baba Sajan: Baba ya ce alhamdulillah, amma a bar ta haka yau kar a zagaya da ita. A buɗe murfin bawul a bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar gudumar roba, wanda bai dawo ba a jiƙa shi a ƙyale shi. Ya ce kar a sha mai daga tsohon tanki, a rataya galan a sama da tiyo. Kuma ya ce ranar da za a sa batir a zo a ɗauke shi ko da asuba ne, yana so ya ji ƙararta da kunnensa.

Oga Sale Kwakwaci: In ta tashi da wannan injin, tsiren ranar a wuyana, na kowa da kowa. In ta ƙi, Mubarak zai biya daga Leeds.

Abba Kurna: Asabar ƙarfe 10 in sha Allah. Nura ka taho da buhun dattijon gaba ɗaya, kuma a cikinku duk mai sifana 9/16 ya ara mana.